Numfashin Inuwa a Sabuwar Rediyo

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen da wannan labari ya ƙunsa su bakwai ne, kuma zan ambace su tun da fari don kada mai karatu ya rikice. Akwai ni, Tamimu, direban gida a unguwar Al-Shifa ta birnin Riyadh shekara ashirin da shida. Akwai ƙanena Inuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gabatar da shirin manoma a gidan rediyon jiharmu, da matarsa Bilƙisu. Akwai mahaifinmu Malam Dabo, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu tun kafin abin ya faru, amma labarin ba ya tafiya sai da shi. Akwai Almustafa, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, mai gyaran rediyo a kasuwar Batha. Sai Abu Salih, tsohon Balaraben da nake tuƙawa, wanda shi ne kafil ɗina, wato mai riƙe da izinin zamana a ƙasar, da kuma likitansa Dakta Kamil, mutumin Sudan.

Tun zuwana Riyadh ina da wata al'ada ta ranar Alhamis. Da na idar da sallar magariba sai in zauna a ɗan ɗakina na bakin ƙofar gida, in kunna tsohuwar rediyona a gajeren zango, in nemi tashar jiharmu. Mun riga gida da awa biyu, saboda haka a can la'asar ce sakaliya. Na ja wata siririyar waya daga eriyar zuwa saman soro, da ita nake kamo muryar Inuwa. Ba ta taɓa zuwa fes ba. Takan taso cikin shuuu da tsaki-tsaki, ta matso kusa, ta ja da baya, wani lokaci ta ɓace na ɗan numfashi biyu sannan ta dawo. Na saba da ita a haka. Idan ta ɓace sai in ce iska ce, in gyara eriya, in jira.

Muna gaisawa ta waya kuma, amma gaisuwar waya gajeriya ce. Ina gajiya, ba gajiya. Ya iyali, lafiya lau. Sai ya miƙa wa 'ya'yansa su gaishe ni. A rediyo ne kawai nake jin ƙanena yana doguwar magana.

Bara, bayan babbar salla, Inuwa da kansa ya karanta sanarwa cewa za a kashe tsohon injin watsa shirye-shirye, a koma na dijital. Ya ce mutanen nesa su nemi sabuwar rediyo mai kama shi, domin tsohuwar ba za ta ƙara ba su komai ba sai ƙara. Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga mota na tafi Batha wurin Almustafa.

Ya ɗauko wani ɗan akwati baƙi mai gilashi a gaba ya ajiye kan tebur. Ya ce, "Alhaji, ka san halinta tun yanzu, kada ka dawo min da ita kana faɗa. Wannan ba ta da tsaka-tsaki. Ko ta ba ka murya tas kamar mutum na zaune gabanka, ko ta yi gum. Ba ta iya ba da rabi ba."

Na ce, "Halinku na mutanen Adar ta ɗauko ke nan. Ko ku cika mutum da surutu, ko ku yi fushi ku yi shiru."

Ya ce, "Gara mu. Ku ai shekara ashirin kuna sauraron ruwan sama a kan kwano kuna cewa labarai ne."

Alhamis ta farko na kunna ta. Abin da na fara ji ya sa ni murmushi ni kaɗai. Na ji motsin takarda a hannunsa. Na ji kujerarsa ta yi ƙara da ya gyara zama. Na ji ya ajiye kofi. Ya yi sallama, muryar ta fito da kaurinta irin na mahaifinmu, har na waiwaya kamar zan gan shi a bakin ƙofa. Ya fara karanta wata doguwar wasiƙa ta wani manomin gero. A tsakiyar jimla sai ya tsaya. Rediyon ba ta ɓace ba, domin ina jin takardar tana motsi. Shi ne ya tsaya. Ya ja iska, a ƙarshen jan kuma wani siririn fito ya biyo, a ƙarƙashinsa da wani ɗan ƙuru-ƙuru kamar buta ta fara tafasa. Sannan ya ci gaba.

Na ajiye shayin da ke hannuna. Na san wannan ƙara. Sau biyu na taɓa zama da ita.

Na farko a wurin mahaifinmu. Shekarar rasuwarsa na je hutu na yi kwana arba'in a gefensa. Yakan ɗauko aya ya tsaya a tsakiyarta, inda ba a tsayawa, ya ja iska da wannan fiton. Mun ɗauka asma ce ta tsufa, muka yi ta ba shi zuma da citta. Wata safiya bayan ya karya kumallo ya jingina da bango, numfashin ya yi ta gajarta har ya ƙare, idonsa a buɗe yana kallonmu. Na biyu a wurin Abu Salih, wanda nake kaiwa asibiti duk mako da tukunyar iskarsa a kujerar baya. A can ne Dakta Kamil ya taɓa yi min bayani, ganin ni ne mai ɗaukar tsohon. Ya ce idan zuciya ta gaji da aiki, ruwa yakan taru a huhu. Idan an gano da wuri akwai ƙwayoyin da ke janye ruwan, mutum ya yi shekaru. Idan an bari, mutum yakan nutse yana kwance kan busasshen gadonsa. Ranar da ya faɗa min haka ne na fahimci abin da ya kashe mahaifinmu, shekara tara bayan mun binne shi.

Na ƙidaya tsayawar Inuwa a wannan shiri. Sau goma sha huɗu cikin rabin awa. Sai wani tunani ya zo min wanda ya fi ƙarar kanta tayar min da hankali. Kusan shekara biyu ke nan ina cewa tashar ta ƙara yawan ɓacewa. Na zargi iska, na zargi sababbin gine-ginen unguwar, har sau biyu na sauya wayar eriya. Ashe ba muryar ce ke ɓacewa ba. Ƙanena ne ke tsayawa neman numfashi, shuuu ɗin tsohuwar rediyo tana rufe shi, ni kuwa ina murza eriya.

Alhamis ta biyu na ajiye wayata kusa da rediyon na naɗi shirin. Ranar Lahadi, bayan an shigar da Abu Salih ɗakin gwaji, na roƙi Dakta Kamil minti ɗaya. Ya sa wayar a kunne, ya saurara, ya mayar baya ya sake saurara. Ba ya jin Hausa, saboda haka numfashin kawai yake ji.

Ya ce, "Wane ne wannan?"

Na ce ƙanena ne.

Ya ce, "Ya Hajji, ba a duba marar lafiya ta rediyo. Yana iya zama wani abu dabam. Amma da ɗan'uwana ne, ba zan bar shi ya kai mako mai zuwa bai ga likita ba. Ka tambaya ko yana iya kwanciya miƙe, ka tambaya ko ƙafafunsa suna kumbura."

Na kira Inuwa da yammacin ranar. Na yi gaisuwa, sannan na faɗa masa abin da na ji. Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Ya ce, "Yaya, an sayar maka da sabuwar rediyo ka zama likita? Makirufo ne sabo suka kawo mana, komai kamawa yake. Jiya har kukan cikin mai karanta labarai ya kama."

Na ce, "Irin ƙarar Baba ce, Inuwa."

Da ya sake magana ya rage murya. Ya ce tun da aka kawo sababbin injuna shugabannin gidan ke neman sababbin muryoyi, an riga an ajiye tsofaffi uku. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana wannan shiri, saura biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. "Ranar da suka ji kalmar asibiti, sun samu hujja. Mura ce, Yaya. Ka bar maganar, don Allah."

Tsakanina da Bilƙisu akwai kunya irin ta wa da matar ƙane. Ban taɓa kiran wayarta ba. Na kira ranar. Bayan gaisuwa na yi mata tambayoyin likita guda biyu. Ina jin kaji suna kuka a tsakar gida.

Ta ce, "Ya hana ni faɗa, Yaya."

Na ce, "Ba ki faɗa ba. Ni na tambaya."

Ta ce da matashin kai uku yake kwanciya, wani lokaci a zaune kan kujera. Ta ce rabonsa da takalmi sau-ciki tun azumi, sai silifa, domin ƙafar ba ta shiga. Ta ce idan ba kowa a ɗaki a zaune yake salla. Ta yi masa magana, ya rantse idan ta kai maganar waje zai ɓata da ita.

Na yi niyyar zuwa gida da kaina, domin abin da ƙane ya ƙi ji a waya ba zai ƙi shi ba idan wansa na tsaye a kansa. Amma izinin fita da dawowa yana hannun kafil. Da na roƙi Abu Salih sai ya kama hannuna da nasa mai sanyi, ya ce ba wanda ya iya ɗaukarsa daga gado zuwa mota ba tare da ya ji ciwo ba sai ni, in yi haƙuri wata uku. Yana maganar ne da irin wannan fiton a ƙirjinsa. Na fita na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba.

Makonni biyu suka wuce. Na kira Inuwa sau biyar, sau biyu ya ɗauka, duka biyun ya miƙa wa 'ya'yansa. Alhamis ta zama ranar da nake tsoro, amma ban iya ƙin kunna rediyon ba. Na daina jin abin da yake faɗa game da taki da iri. Tsayawar kawai nake ƙidayawa. Goma sha bakwai. Ashirin da ɗaya.

Alhamis ta biyar Almustafa ya zo ya ɗaga min wayar eriya sama, ya tsaya shan shayi. Na riga na ba shi labari. Muka yi magariba tare muka zauna. Inuwa ya fara bayani kan tsutsar da ke cin masara. Muryar ta yi nauyi fiye da kullum. Ya ce, "Manoman da suka ga ganyen ya fara," sai ya ja iska, fiton ya yi tsawo, ya yi tsawo, sai rediyon ta yi gum.

Ba shuuu, ba tsaki. Shiru irin na ɗakin da aka fitar da gawa.

Na ce, "Almustafa, ita ce ko shi ne?"

Ya duba gilashin, ya juya eriya, ya ɗaga akwatin zuwa taga. Ya ce in miƙo masa tsohuwar rediyo. Ya kunna ta ya kai ta daidai wurin tashar, sai wata ƙara mai kauri ta cika ɗakin. Ya ce, "Injinsu yana aiki, wannan ƙararsa ce. Suna watsawa."

Na ce, "To yana magana ke nan."

Ya ce, "Ban ce ba, Alhaji. Ko dai abin da ke isowa nan bai ishi sabuwar ta buɗe baki ba, ko kuwa a can ɗakin ne aka yi shiru. Daga nan ba na iya rabewa."

Na kira wayar Inuwa, a kashe, kamar yadda dokar ɗakin watsa shiri ta ce. Na kira Bilƙisu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Daga baya na ji salla take yi. Na sake kira. Ina ganin ɗakin da ban taɓa shiga ba, da kujerar nan mai ƙara, da kofin, da ƙanena kife kan takardunsa, mutane suna leƙowa ta gilashi. Na tuna idon mahaifinmu a buɗe. Da tsohuwar rediyo ce, ko cikin hayaniya zan tsinci alamar murya in san yana nan. Wannan kuwa ta rufe baki ta bar ni da tunanina. Almustafa ya hau soro yana riƙe da wayar eriya sama da kansa, yana ta tambayata ko ta dawo. Ina kallon agogon bango. Minti bakwai.

Sai muryar ta faɗo ɗakin gaba ɗaya, tas, a tsakiyar kalma. Inuwa ne. Yana karanta lambar da masu sauraro za su kira, domin da sababbin injuna an buɗe kiran waya kai tsaye a ƙarshen shiri. Lambar ma sai da ya raba ta gida uku.

Ban yi shawara da kowa ba. Na rubuta lambar a bayan kwalin shayi na kira. Wata mace ta ɗauka ta tambayi daga ina, na ce daga Riyadh. Da jin haka ta ce in riƙe, ni ne na farko. Almustafa ya sauko ya rage ƙarar rediyon, yana kallona.

Inuwa ya ce, "Muna da mai kira daga ƙasa mai tsarki. Salamu alaikum, da wa muke magana?"

Na ce, "Wa alaikumus salam. Yayanka ne, Tamimu."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Masu sauraro, yau babban baƙo gare mu. Yaya, me ka shuka bana a cikin rairayi?"

Na ce, "Ban kira don noma ba. Jama'ar da ke saurare, ku gafarce ni. Wannan mutum da kuke ji ba shi da lafiya. Ku saurari numfashinsa, irin wanda ya kashe mahaifinmu ne, kuma yana da magani idan an je da wuri. Na roƙe shi a ɓoye ya ƙi. Ni ina nesa, ba ni da ikon zuwa. Inuwa, na haɗa ka da Allah da darajar Malam Dabo, gobe ka je asibiti. Duk wanda ke kusa da shi, na ba shi amanar ƙanena."

Sabuwar rediyo tana da jinkiri na 'yan daƙiƙu. Na gama magana, sai na ji muryata tana fitowa daga akwatin a hankali, tana maimaita abin da na faɗa, tas, ba abin da ya rufe ta. A nan na ji girman abin da na yi. Na tona ciwon magidanci a gaban jiha guda, abin da ko maƙiyi ba ya yi.

Makirufon nan mai kama komai ya kama shirun Inuwa, ya kama jan iskar da fiton, sau uku, kowa yana ji. Sannan ya ce, "Mun gode, Alhaji. Mai kira na gaba."

Tun yana yaro bai taɓa ce min Alhaji ba.

Mai kira na gaba wani tsohon manomi ne. Ya ce, "Malam Inuwa, tambayata kan tsutsa ce, amma na fasa. Ka ji maganar yayanka." Na bayansa ma haka. Wata mata ta ce ta daɗe tana jin abin, ta ɗauka rediyonta ce. Aka sa kiɗa kafin lokacin rufe shiri ya yi.

Sauran labarin daga Bilƙisu na ji shi. Washegari da hantsi mutum ya kai goma a ƙofar gidansu, har da limamin unguwa da direban gidan rediyo da mota. Bai iya musu da su ba. An kwantar da shi kwana tara. Likitocin can sun faɗi abin da Dakta Kamil ya yi zato, suka ce ya zo a makare amma ba a makare ƙwarai ba. Kafin a sallame shi an ba wata yarinya mai zaƙin murya shirin manoma, shi kuma aka ce ya huta. Bai koma ba.

Wata biyar ke nan bai ɗauki wayata ba. Abu Salih ya ƙara rauni, wata ukun da ya ce sun wuce, ban sake tayar da maganar tafiya ba. Ranar Alhamis nakan kunna rediyon don sabo, in ji yarinyar tana karanta wasiƙu ba tare da tsayawa ba, in kashe.

Amma Bilƙisu ta ɓullo da wata dabara. Duk ranar Alhamis, idan ya kwanta ƙailula bayan azahar, sai ta lallaɓa ta ajiye wayarta kusa da kansa ta naɗi numfashinsa na minti biyu ta aiko min, ba tare da ta ce komai ba. Idan saƙon ya shigo ba na buɗe shi nan take. Nakan kai mota inuwa, in kashe inji da na'urar sanyi, in rufe gilashi, in yi bisimilla. Sannan in sa a kunne. Matashin kai ɗaya yake kwanciya da shi yanzu. Fiton ya ragu, bai tafi ba. Na kai wa Dakta Kamil ya ji, ya ce kada ya kuskura ya bar shan ƙwayoyin, ya kuma ce irin wannan ciwo ba ya sallama, lallaɓa shi ake yi. A makon jiya saƙon bai zo ba sai bayan la'asar ta can gida, na yi awa uku ina duba waya a bakin asibiti. Da ya zo, a ƙarshensa na ji gadon ya motsa, na ji muryarsa cikin barci-barci yana cewa, "Bilƙisu, wa kike naɗa wa?" Daga nan naɗin ya yanke. Yau Laraba. Ban san ko gobe saƙo zai zo ba.

Iyakar abin da na sani ke nan. Na zo ga alƙalami da furfura a kaina, kuma sha'anin injuna da na likitoci ji na yi daga masu shi. Duk wanda ya ga inda na karkace, a harafi ko a bayani, ya taimaka ya miƙe min shi, Allah ya saka masa da alheri.